Ƙoƙon Alasan

"Uba ɗaya ya haife mu! Gona ɗaya aka raba!" Muntaka ya shure kwandon gyaɗa. "Don me tasa ke cika rumbu uku, tawa ba ta cika ɗaya?"

"To ni na hana ta yi?" in ji matarsa Rahamatu. "Malam, muna ci muna ƙoshi, 'ya'yanka huɗu na wasa a tsakar gida. Ka taɓa leƙa bayan gidan wan naka Alasan ka ga abin da ke ɗaure a can?"

"Rufe mani baki."

Shekarun da Nasara suka matsa wa Matameye da noman gyaɗa ke nan. Wansa Alasan, duk abin da ya shuka sai ya yi. Muntaka rumbunan kawai yake gani. Ba ya ganin Saratu, matar Alasan, da ke ɗaure a turke saboda taɓin hankali. Ba ya ganin ƙananan kaburbura uku na 'ya'yan Alasan da shi kansa ya taya haƙa.

Rana tsaka ya isa wajen boka Shekara, a wani kwari bayan Dungu. Tsamiya ce da ta bushe a tsaye, gindinta baƙi ƙirin da tsohon jini, ƙudaje sun rufe ƙahonin da aka rataya. Ya ajiye abin da aka ce ya kawo: baƙin bunsuru, ƙasar sawun Alasan, da irin gyaɗar da ya sato daga rumbunsa.

Shekara ya jera ƙoƙo biyu. Ya yanka bunsurun a kan na dama, ya dama jinin da ƙasar da irin.

"Wannan rabon wanka Alasan ne. Wancan naka. In juye?"

"Juye."

"Ni ba na tacewa. Abin da ke ciki duk zai zubo."

"Duka nake so."

"Ka san abin da ke ciki?"

"Shekara ashirin ina kallonsa!"

Boka ya yi dariya, ya juye. Ya ce wa Muntaka ya shanye. Ya shanye har da tsakuwa.

Damina ta zo, gonar Muntaka ta yi abin da ba a taɓa gani ba. Raƙuma suka yi ta jigilar gyaɗarsa. Ya cika rumbu uku, ya sayi doki, ya gina soro. Gonar Alasan kuwa ta ƙone, ya ce alhamdu lillahi, ya shiga yi wa mutane ƙodago.

A kakar nan autan Muntaka ya kwana biyu da zazzaɓi, ya tafi. Kaka ta biyu, wanda autan ke bi wa. Ta uku, babbar 'yarsa Jamilatu. Uku cif, yadda Alasan ya binne. Ranar da aka kai Jamilatu, Rahamatu ta yaga zanenta ta ruga kasuwa tana dariya. A ranar ce Saratu ta dubi mijinta ta ce, "Wa ya ɗaure ni? Kwance ni in yi daka."

Muntaka ya koma kwarin Dungu a guje. An sare tsamiyar, 'yan aikin tilas sun fasa hanya ta wurin. Babu wanda ya san inda Shekara ya yi.

Ni abin da ya fi ƙona mani rai shi ne wannan. Da shekara ta zagayo, Alasan ya zo duba su, riga a yage, saɓe da jaririn da Saratu ta haifa a kafaɗa. Muntaka ya bi yaron da kallo, irin kallon da yake yi wa rumbuna da. Har yanzu bai warke daga hassada ba.

Kai da ke leƙen gidan wani kana haɗiyar yawu, ƙofar kawai ka gani. Riƙe naka. Ba ka san abin da ke ɗaure a bayan gidansa ba.

Alasan ya tsuguna gaban Rahamatu da ke ɗaure a turke, ya gane igiyar, irin ɗaurin da hannunsa ya saba. Ta daina dariya. Ta ɗago ta dubi mijinta, ta dubi rumbunan nan uku.

"Malam," ta ce, "yanzu ya ishe ka?"