Malam Sannu-Sannu

A ɗakin kwamfuta na laburare suka haɗu, wata Asabar da hantsi, kuma abin kunya ne ya haɗa su.

Auta, kamar yadda ake kiranta a gida, malamar tarihi ce a wata ƙaramar sakandare. A farkon zango aka yi wa malamin lissafi canjin wurin aiki, ba a turo wani ba. Shugabar makarantar ta dubi malamanta ɗaya bayan ɗaya, ta ga Auta ce ba ta iya musu, ta miƙa mata ajin. Ita kuwa tun tana ɗaliba, tsakaninta da lissafi sai gaisuwa daga nesa.

Abin da ya rufa mata asiri shi ne shafin da ma'aikatar ilimi ta buɗe a intanet, inda aka zuba littattafai da jagoran malami da darussan bidiyo, kowa ya ɗauka kyauta. A darussan lissafin ba a nuna fuskar mai koyarwa, sai hannunsa da farin allo da wata murya mai sanyi da ke yawan cewa a bi sannu-sannu, ba tsere ake ba. Da yamma Auta ta kalla ta koya, da safe ta shiga aji ta koyar kamar da shi aka haife ta. Ran da ta kunna wa 'yan ajin a wayarta, suka raɗa masa Malam Sannu-Sannu.

A wannan Asabar ɗin tana sauke darussan mako ne, jakarta ta fizge wayar abin da ta toshe a kunne. Muryar ta cika ɗakin da ko tari ba a yi da ƙarfi. Kowa ya juyo. Ta rikice tana danna nan tana danna can, sautin sai ƙaruwa yake. Wani saurayi da ke kujerar gefenta ya miƙo hannu ya kashe mata, sannan ya ce ƙasa-ƙasa:

"Wannan tsohon ne, Malama. Akwai kuskure a misalin ƙarshe. Ki sauke wanda ke ƙasansa."

Ta buɗe baki za ta yi godiya, sai ta tsaya. Muryar da aka kashe yanzu ce ta sake magana a gefenta. Ta dubi hannunsa, ga ɗan tabon ƙuna a bayan babban yatsa, tabon da ta shafe zango tana kallo.

"Kai ne Malam Sannu-Sannu," ta ce, kafin ta kama bakinta.

Ya tambaye ta wane ne kuma haka. Da ta yi masa bayani, dariya ta ci ƙarfinsa har mai kula da ɗakin ta nuna musu ƙofa da biro.

A barandar laburaren suka ƙarasa. Ya gaya mata malami ne a wata babbar sakandare, ma'aikata ke aronsa wasu ranaku ya ɗauki darussan a wani ɗan ɗaki mai zafi, daga shi sai mai kyamara. Ya ce sau da yawa ji yake da bango yake magana, bai taɓa haɗuwa da wanda ya ce ya amfana ba. Ta ba shi labarin wata yarinya a ajinta da ke kuka duk ranar lissafi, yanzu ita ke rigan kowa ɗaga hannu. Ya sunkuyar da kai, ta lura idonsa ya canza. Da za su rabu ya nemi lambarta, wai ko za ta ci karo da wani kuskuren ta sanar da shi.

Saƙonsa na farko ya shigo tana wanke kwanuka:

"Malama, na duba darussan duka, ban ga wani kuskuren da zan fake da shi in gaishe ki ba. Don haka ga gaisuwar haka nan. Ina yini?"

Ta goge hannu a zani ta mayar:

"Lafiya lau, Malam. Ka ci maki a gaskiya, amma ka faɗi a dabara."

Daga nan hira ta buɗe. Shi ya koma kiranta Ɗalibata, ita kuma Malamina. Asabar ta zama ranarsu a barandar nan, ita da tambayoyin aji, shi da amsoshin da ba sa ƙarewa da wuri. Wata rana ya turo mata:

"Ɗalibata, yau mai kyamara ya ce me ya sa nake murmushi ina koyar da lissafin kaso. Ban gaya masa cewa yanzu na san wadda ke saurarena ba."

Yayarta, wadda ta zo ganin gida, ta ƙwace wayar ta karanta, ta ce wannan lissafin dai ba na aji ba ne, ta tafi ta kai wa Inna labari.

Baba kafinta ne, mutum mai magana ɗaya, wanda ke iya yafe komai ban da ƙarya. Da saurayin ya zo gaishe shi a shago, ya bar shi tsaye cikin ƙurar katako yana yi masa tambayoyi ba tare da ya ajiye zarto ba. Ya tambayi aikinsa, ya tambayi iyayensa, ya tambaya ko ya taɓa aure. Malam ya ce mahaifinsa ya rasu, yana zaune da mahaifiyarsa, kuma bai taɓa aure ba.

A gida Baba ya ce yaron yana da ladabi, amma shi bai gane mutumin da ke raba sana'arsa kyauta ga duk mai waya ba. Kuma akwai ɗan amininsa, mai makarantar lesin a bakin titi, wanda ya daɗe yana kewaye-kewaye. Baba bai yi wa kowa alkawari ba, sai dai zuciyarsa ta fi karkata ga wanda ya san gidansu. Ya ce a ba shi lokaci. Inna ta ce lokaci dai ba ya ƙarewa a shagon kafinta, kujerar da ta ba shi gyara tun Auta na goye tana nan.

Mai Lesin kuwa yana da haushi biyu. Tun da aka buɗe shafin ma'aikata bencinansa suka fara zama fayau, iyaye suna cewa ga shi can kyauta a waya. Yanzu kuma muryar da ta kwashe masa ɗalibai ta zo za ta kwashe masa Auta. Ya zauna ya bi darussan ɗaya bayan ɗaya yana neman abin kamawa, har ya samu.

Wata yamma ya zo gidan su Auta, ya gaishe da Baba, ya ce ba don kansa ya zo ba, don amana. Ya kunna wani tsohon darasi, na farko-farko, wanda aka ɗauka a gida kafin a samu ɗakin ɗauka. Ana tsakiyar bayani sai aka ji ƙofa ta buɗe, muryar ƙaramar yarinya ta ce, "Abba, takalmina ya ɓata." Muryar nan mai sanyi ta amsa, "Ina zuwa, 'yata, jira ni kaɗan." Darasi ya ci gaba.

Auta tana bakin ƙofa da tiren ruwa. Ba ta san lokacin da ta ajiye shi ba.

Baba ya sa aka sake kunnawa. Sannan ya ce, ba da ƙarfi ba, mutumin da ya kalli tsabar idonsa ya ce bai taɓa aure ba alhali yana da 'ya, kada ya sake taka masa shago.

Ba auren ne ya ƙona Auta ba, ɓoyewar ce. Duk hirar da suka sha a baranda, ko sau ɗaya bai ambaci yarinya ba. Ta tura masa saƙo guda:

"Na ji darasin da 'yarka ta nemi takalminta. Allah ya raya ta. Kada ka sake kirana."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya turo:

"Ki ba ni dama in yi bayani baki da baki. Ban yi wa Baba ƙarya ba, amma na yi miki laifi. Wannan ba maganar waya ba ce."

Ta kashe wayar ta tura ƙarƙashin filo.

Makon ya yi mata nauyi. Jarrabawa ta matso, kuma ba ta da wata hanyar shirya darasi sai ta wannan muryar. Ta gwada littattafan shafin kawai, lambobin suka yi ta yawo a idonta. Ta kunna bidiyon ta kashe sauti, sai ga hannun da tabon. A aji yara suka tambaya ina Malam Sannu-Sannu, ta ce ya yi tafiya. Ta rame har shugabar makaranta ta tambaye ta ko zazzaɓi ne.

Inna ce ta kasa jurewa. Ta sami Baba ta ce, shi da ba ya yanke katako sai ya auna ya sake aunawa, yaya zai yanke wa ɗan mutane hukunci da muryar da ya ji a waya, a hannun wanda ke neman abin da yaron ke nema? Baba ya ci gaba da abin da yake yi. Amma washegari da safe ya rufe shago, ya sa rigarsa ta fita, bai gaya wa kowa inda za shi ba.

Sai bayan azahar ya dawo. Ya zauna, ya sha ruwa, ya sa aka kira Auta.

Ya ce ya je gidan su Malam ba sanarwa, lokacin da ya san malamin yana makaranta. Ya tarar da tsohuwa tana yi wa wata yarinya kitso. Tsohuwar ta ba shi labari: babban ɗanta ne mahaifin yarinyar, hatsarin mota ya ɗauke shi da matarsa rana ɗaya, yarinyar tana rarrafe. Ƙanen, wato Malam, ya ɗauke ta, shi ne wanka, shi ne asibiti, shi ne kai ta makaranta. Da ta fara magana ta kira shi Abba, bai taɓa gyara mata ba. Maƙwabta biyu da Baba ya tsaya ya tambaya a hanya sun faɗi abu ɗaya.

"Ni na yi gaggawa," in ji Baba. "Yaron bai yi mini ƙarya ba. Wanda ya riƙe 'yar ɗan'uwansa haka, ban ga abin da zai hana shi riƙe tawa ba."

Auta ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Ta rufe fuska da mayafi, kuka ya zo, dariya ta biyo shi. Inna ta ce to, a yi ɗaya a bar ɗaya.

Amma da sauran magana. Da Baba ya aika wa Malam ya zo da yamma, Auta ta bar shi ya gama gaisuwa, sannan ta tambaye shi me ya sa ya ɓoye mata.

Ya ce ya taɓa neman wata, magana ta yi nisa, ran da ta ji akwai yarinya ta ce ita ba ta zo renon 'yar wani ba. Tun daga nan yake tsoro. Kowace Asabar sai ya zo da niyyar faɗa, sai ya ga tana dariya, ya ce bari sai mako mai zuwa.

"Da wata ka auna ni, Malamina," ta ce. "Wannan ne ya fi mini ciwo."

"Na yi kuskure. Ki yafe mini."

"Ni da nake fama da 'ya'yan mutane cike da aji tun safe, guda ɗaya ce za ta kore ni? Gobe ka kawo mini ita in gan ta."

Ya sauke wata ajiyar zuciya mai tsawo, har Yaya da ke laɓe a bayan labule ta ce a ba bawan Allah ruwa kada ya faɗi.

Mai Lesin ya zo daga baya yana kame-kame, wai shi ma bai sani ba. Baba ya ce ya yarda bai sani ba, amma bai kuma tambaya ba, ya sallame shi da mutunci saboda mahaifinsa.

Bayan jarrabawa, wadda 'yan ajin Auta suka ci fiye da yadda kowa ya zata, aka ɗaura aure. Baba da hannunsa ya yi musu gado da teburin karatu mai faɗin da zai ɗauki mutum uku. Da za a tafi da ita ya dafa kanta, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa su zama sutura ga juna, ya albarkaci abin da suka tarar da abin da za su samu. Inna ta amsa da amin.

Da safe Auta tana jera kaya a sabon ɗakinta, ta ji motsi a bakin ƙofa. Yarinyar ce, da kitsonta da ya fara warwarewa, ta leƙo da rabin fuska. Ta dubi Auta ta ce:

"Abba ya ce in tambaye ki da kaina. Me zan riƙa ce miki?"

Auta ta durƙusa har suka yi daidai.

"Ke me kike so ki ce?"

Yarinyar ta murza bakin rigarta. "'Yan ajinmu kowa yana da Umma."

"To, yau ke ma kin samu. Zo nan in gyara miki kan nan."

Ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta ta fara tsefe kitson a hankali. Malam yana tsakar gida da buta a hannu, ya ji komai, ya juya baya yana share ido da hannun riga.

Allah ya bar su tare, ya raya musu zuri'a, ya sa gidan ya cika da alheri.