Dubu Huɗu da Ɗaya

Da hantsi Sa'adatu, malamar lissafi a lakwal, wato makarantar Tsarnawa, ta iske bakin kududdufi wayam. Tubali dubu da ɗari huɗu da aka buga mata, babu ko ɓari. Ga damina ta ƙarato, ga tsohuwarta tana kwana a rumfar kara tun da ɗakinta ya faɗi. Ba ta yi kuka ba, amma ranta ya yi baƙi ƙirin.

Ta kai ƙara wurin Jandarma Badamasi, ya fara bincike da Tanimun, mai bugun tubalin. Ashe yana Konni yana jinyar ɗansa, unguwa duk ta shaida. Labo mai amalanke kuwa jakinsa ya gurgunce, ko ruwa ba ya ɗaukowa. Saura Isufu, ƙanen mahaifinta, wanda ya cinye musu gona tun ba a tashi zaman makokin mahaifin ba. Shi ma ya tara tubali a bayan gida, ƙasa ɗaya da nata, girma ɗaya.

"Nawa na duka," in ji Isufu. "Akwatina na bugun tubali uku-uku shika hiddawa, kowa ya sani."

"Ko guda bai hwashe ba, Baba?" in ji Sa'adatu. "Ba ku ba kowa ba?"

"Na rantse, ko ɗaya. Dubu huɗu da ɗaya na, da hannuna na ƙidaya."

Marowaci dai ba ya kuskuren ƙidaya. Badamasi ya sa aka sake ƙirgawa, aka samu daidai. Sai Sa'adatu ta yi murmushin da babu alheri a cikinsa.

"Jandarma, abin da anka buga uku-uku dole shi rabu uku. Haɗa huɗu da ɗaya, biyar kenan, kuma biyar ba ta rabuwa uku. Dubu huɗu da ɗaya ma hakanan, biyu ka saura. Wagga lamba ba ta rabuwa da komi sai ɗaya da ita kanta. Halin mai ita ta ɗauko. Amma hidda nawa dubu da ɗari huɗu, saura dubu biyu da ɗari shida da ɗaya. Bugu ɗari takwas da sittin da bakwai, cif."

Isufu ya buɗe baki zai ce wasu sun fashe, ya tarar rantsuwarsa ta tare hanya. A ƙarshe ya amsa laifi.

Dattawa suka taso da roƙo, wai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

"Na ji, ba za a kai shi kaso ba," in ji ta. "Amma ba amalanke. Bisa kai nai za shi maido su ƙohwar Inna, kuma shi bi ta bakin kasuwa."

Ta ɗauko kujera ta zauna a inuwa, tana ƙirgawa da ƙarfi, tana jin daɗin abin har cikin ranta. Duk tubalin da ya gutsure ko kaɗan, sai ta ce ya koma ya sauyo.