Tsoho Mai Mantuwa a Ajin Manya

A wani gari, a wani zamani, an yi wata malama mai koya wa manya karatu kyauta a ɗakin karatu na garin. Cikin ɗalibanta akwai wani tsoho mai saƙar tabarma wanda ya ishe ta.

Ta nuna masa harafi yau, gobe ya manta. Ta sake nunawa, jibi ya manta. 'Yan ajinsu har sun fara aron littattafai, shi kuwa yana nan jiya i yau.

Ran nan haƙurinta ya ƙare. Ta ajiye alli ta ce, "Baba, don Allah me kake nema a nan? Ka gajiyar da ni, ka gajiyar da kanka."

Tsoho ya sunkuyar da kai ya ce, "'Yata, mai ɗakina ce ba lafiya, ga shi ba ta gani. Maganinta iri biyu ne, kwalaben kuwa kamarsu ɗaya. Tsoro nake kada in ba ta na dare da safe."

Kunya ta rufe malama. Can ta jawo kujera kusa da shi ta ce, "Gobe ka zo da kwalaben, Baba. Da su za mu fara."