Hoton da Auta Ta Yanke

Kofin lemon ya suɓuce daga hannuna, ya tarwatse a tsakiyar falon Goggo.

"Ke lafiya? Ko zaman nesan ne ya kashe miki hannu?"

Goggo ce ke magana. Idona na kan bango, kan wani babban hoto da aka rataye a saman talabijin.

Kwana tara ke nan da na tattaro kayana na dawo gida, bayan shekara shida ina aikin nas a wani gari mai nisa. Tun da na sauka Mama ke jana gida-gida gaishe da dangi, yau aka zo kan Goggo, yayar Baba.

Wallahi na san hoton nan. Amma ɗan yankinsa kawai na sani!

Shekara huɗu da suka wuce Auta, 'yar Goggo, ta turo mini shi a waya. Ita zaune tana murmushi, Mai Hoto tsaye a bayanta, ga hannun namiji dafe da kafaɗarta. A ƙasa ta rubuta, "Ki taya mu murna, ya zo neman aurena."

Mai Hoto maƙwabcinmu ne, shi ne wanda na bari da alƙawarin aure. Ranar ban yi kuka ba. Na toshe lambarsa, na hana kowa ambata mini shi. Mama ma ta ji daɗi, don dama Baba bai so in auri mai ɗaukar hoto. Da na ji shiru babu biki, Auta ta ce ai yaudararta ya yi ita ma.

Yau ga hoton a cike. Mutum ashirin da wani abu, danginmu kaf a tsakar gidan Kaka. Hannun da ke kafaɗar Auta kuwa... hannun Yayana ne! Mai Hoto hannuwansa biyu na baya, kamar ɗan makaranta.

Yanke shi aka yi.

"Goggo, ina Auta?"

"Ta fita kitso. Sai Asabar kwa haɗu a gidan Kaka, ai yara sun samu hutu, za a taru."

Na yi mata murmushi har da haƙora.

"Allah ya kai mu Asabar ɗin."

Daga nan ban bi Mama gida ba, shagonsa na wuce. Komai na nan yadda na bar shi, shuɗin labule, doguwar fitila, da kujerar nan mai ƙafa ɗaya gajera. Yana goge gilashin kamara ya ɗago.

"Rigima..."

Shi kaɗai ke kirana da haka.

Na ajiye wayata a gabansa.

"Me ya kai ka bayan Auta?"

Ya daɗe yana kallo.

"Kin manta yadda nake yi? In saita kamara ta ƙirga goma, in rugo in shiga, don Kaka ba ta yarda a ɗauka babu ni. Wurin nan ai wurinki ne. Duk shekara nan nake tsayawa kada wani ya cike miki shi."

Na dafe tebur.

"Ta ce aurenta ka nema."

"Kika yarda?"

"Na ga hoto!"

"Kika ga hoto." Ya ajiye tsumman a hankali. "Shekara huɗu, Rigima. Ko tambaya ɗaya ban isa ki yi mini ba."

Maganar ta soke ni, amma wutar da ke cina ta fi ta zafi.

"Ka wanke mini su duka biyun. Manya. A firam."

"Me za ki yi da su?"

"Tsaraba zan kai."

Ran Asabar gidan Kaka ya cika maƙil. Yara na tsere a tsakar gida, an jera kujeru a gindin bishiya, Kaka a tsakiya tana faɗan wanda ya zauna mata a kan mayafi. Auta ta rungume ni tana zuba ƙamshi.

"'Yar'uwa rabin jiki! Kin yi kyau!"

"Ke ma za ki yi, yanzun nan."

Na bari sai da kowa ya zauna, Mai Hoto ya kafa kamararsa. Sannan na fito gaba da kwalina.

"Kowa na ba shi tsarabarsa, saura Auta. Tata ta musamman ce."

Na ɗaga ƙaramin hoton, na karanta saƙonta da ƙarfi, kalma bayan kalma. Sannan na ɗaga cikakken.

Yaya ya matso ya leƙa.

"Kai! Wannan ai hannuna ne!"

Auta ta soma in-ina.

"Wasa... wasa nake yi mata..."

"Wasa? Shekara huɗu kina kirana kina tambayar ya jikina, kin san abin da ke cina. Har jaje kika yi mini, Auta! Munafuka!"

Ta fashe da kuka, ni kuwa ko a jikina. Na ji daɗin kukan nan, ba zan ɓoye ba.

Goggo ta miƙe tana gyara ɗaurin zani.

"Ki ƙyale mini yarinya. Ni na sa ta. Ubanki ya ce ba ya son haɗin, na taimaka masa. Laifi ne?"

Duk aka juya ga Baba. Ya sunkuyar da kai.

"Na ce ba na so, Yaya. Ban ce a yi wa 'yata ƙarya ba."

Kaka ta buga sandarta a ƙasa.

"Da furfurarki? Tir! Tashi daga kusa da ni."

Goggo ta koma can ƙarshen layi kusa da yara. Na sauke ajiyar zuciya, na juya in ga fuskar Mai Hoto.

Naɗe ƙafafun kamararsa yake yi.

"Ina za ka?"

"Kin gama da su, ai shi ke nan."

"To mu fa?"

"Su sun yanke hoto. Ke kika yanke ni."

Ya rataya jakarsa ya nufi ƙofa. Na tona wa kowa asiri, na manta da nawa. Idan ya fita ƙofar nan na san ba zai sake waiwayowa ba.

Na ruga na tare hanya, a gaban Goggo, a gaban Autar da na gama kunyatawa.

"Na yi laifi. Girman kai ne ya hana ni kiranka. Kullum sai na buɗe lambarka in rufe... Don Allah, masoyina, kada ka tafi."

Hawaye suka ɓalle mini, irin wanda ban yi ba shekara huɗu.

Ya tsaya yana kallona, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Kin san sau nawa na je tasha in biyo ki, in dawo?"

"Ka yafe mini..."

"Daina kukan nan, Rigima, ba ya miki kyau. Masifa ta fi dacewa da ke."

Ya sauke jakar, ya wuce ni, ya je ya durƙusa a gaban Baba.

"Baba, sana'ata ba ta canza ba. Ni ma ban canza ba."

Baba ya dube shi, ya dube ni.

"Tashi, ɗana. Ka turo manyanka."

Bayan wata uku aka yi bikinmu. Goggo ta zo ta zauna a baya, Auta ta ce kanta na ciwo. Har yau Mama na bina da magana, wai jini ɗaya ne, in yafe musu.

Na ce mata zan yafe, wallahi zan yafe. Amma shekara huɗu suka cinye mini, don haka su ƙara haƙuri. Saura uku da wata tara.