Abayar da Aka Ce Kada a Goge

Insfekta Ishaq yana karyawa da ƙosai a kan teburinsa ranar Laraba da hantsi aka shigo masa da rigima har ofis. Mutum uku ne: wata dattijuwa mai jiki tana haki, da wani dogon saurayi da ya cukwikuyo hijabin wata yarinya, sai ita yarinyar da idanunta suka kumbura don kuka.

"Sake ta," in ji Insfekta. "Nan ba mahauta ba ce."

Dattijuwar ita ce Hajiya Turai, matar wani babban mahauci na Talata Mafara da ya rasu. Saurayin ɗanta ne, Naziru. Yarinyar kuwa Mufida ce, 'yar ƙanen Hajiya, marainiyar da ta riƙa tun tana goye.

Hajiya ta ce ƙanwarta Hasana da ke aure a Bakura ta bar mata ajiyar zinare kafin ta rasu: sarƙa biyu, da 'yan kunne, da zobba. Ranar Juma'a za a raba wa 'ya'yan marigayiyar gado, ita za ta kai kayan. To kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki, mace ko ɗan kunnen roba ba ta yarda ta shiga mota da shi in yana ƙyalli. Don haka ta ɗauko wata tsohuwar abaya mai nauyi, mai duwatsun ado a ƙasa, ta nannaɗe zinaren da auduga, ta ɗinke shi cikin kalmasar bakinta, ta sa a akwatin tafiya. Yau da safe ta buɗe akwati, babu abaya. Da aka matsa, sai ga hotonta a wayar Mufida, an riga an sayar.

"Wa ya san kin ɗinke zinaren a ciki?"

"Ba kowa, Yallaɓai. Daga ni sai Allah."

Naziru ya karɓe da cewa ba sai an wahala ba, ɓarauniya ga ta nan, ita da wani saurayinta suka shirya. Hajiya ta ce ita ba ta son sulhu, dukiyar marayu ce, a kai kotu. Mufida ta kalle ta kamar ba ta gane muryar ba.

Aka kulle yarinyar a bayan kanta. Insfekta bai ƙarasa ƙosansa ba.

Shi da Sajan Nazifa suka yi mata tambayoyi. Sana'arta gwanjo ce ta waya. Takan sayi tsofaffin kaya a hannun matan unguwa, ta wanke, ta goge, ta turara, ta rataya a ƙusar ƙofa ta ɗauki hoto ta sa a sitatus. Wanda ya so ya yi magana, ya turo kuɗi, ta kai tasha a ba direba. Ta ce ranar Litinin Hajiya ta ware mata buhun kayan da ta daina sawa, ta dawo daga islamiyya ta tarar da buhun a ƙofar ɗakinta, abayar kuma tana ciki.

"Ba ki ji nauyinta ba?"

"Da ma nauyi gare ta, Yallaɓai, saboda duwatsun. Wallahi ban taɓa akwatin Gwaggo ba."

Sajan Nazifa ta buɗe wayar ta karanto hirar cinikin. Wata ce mai suna Maman Khalifa, daga Maradun, lambar da Mufida ba ta taɓa gani ba. Mufida ta sa hoton ne tun kafin ta wanke abayar, bai daɗe da hawa ba matar ta ce tana so. Mufida ta tsuga kuɗi, irin wanda ake faɗa don a samu abin ragewa, matar ta turo nan take ta hannun mai POS. Sai saƙo na ƙarshe: "Kada ki wanke, kada ki goge. Ki naɗe ta yadda take."

Insfekta ya sa aka sake karanta masa.

Shi dai ya san matarsa. In tana cinikin gwanjo sai cajin wayar mai kaya ya ƙare, ta tambayi tsawo, ta tambayi faɗi, ta ce a yi mata bidiyon hammata, sannan ta taya rabin kuɗi tana cewa don zumunci ne. A duk faɗin ƙasar nan bai taɓa jin macen da ta sayi koɗaɗɗiyar abaya ba tayi ba, balle ta hana a wanke mata dattin wata. Wanda ya rubuta saƙon nan tsoron dutsen guga yake yi, don mai guga dole ta bi ta kan kalmasa.

Ke nan mai sayen ya san abin da ke ciki, kuma yana ɓoye wa mai sayarwa. Amma wannan tunani ne, alƙali ba ya sakin mutum da tunani. Aka kira lambar, a kashe take. Kafin azahar dattawan mahauta sun zo sun ga DPO, aka kira Insfekta aka ce in babu wani abu sabo zuwa Juma'a, a rubuta yarinya a kai kotu.

Abin da ya fi damunsa wuta. Zinare in ya shiga hannun maƙeri ya narke, babu mai cewa wannan sarƙar Hasana ce. Ranar da aka narka shi, ranar Mufida ta zama ɓarauniya har abada.

Ya tafi tasha. Direban da aka ba saƙon sunansa Yari, wani gajere mai yawan rantsuwa. Ya fara da cewa shi bai ɗaukar saƙo, fasinja kawai. Da aka nuna masa hoton ledar a kan kujerar motarsa, wanda Mufida ta ɗauka ta tura wa mai kaya, sai ya tuna. Ya ce ranar Talata ne, ranar kasuwa, amma ba mace ce ta karɓa ba. An kira shi an ce ya ajiye a shagon Uba mai kayan haƙa, kusa da tashar Maradun.

"Muryar mace ce ta kira ka?"

"A'a, ranka shi daɗe. Namiji na, shina ta sauri kamar ana kora tai."

Rana ta riga ta yi, ba a bin wannan hanyar da yamma. Dole suka bari sai gobe. Da Insfekta zai tashi aiki ya leƙa bayan kanta, ya ga abincin da Sajan ta sayo wa Mufida yana nan a rufe. Daga gidan Hajiya babu wanda ya zo ko da ruwa. Abin ya ɓata masa rai ƙwarai.

Alhamis da safe shi da Sajan Nazifa suka kama hanyar Maradun a motar Yari, ba kaki. Kowa idonsa na kan hanya. Duk inda aka hango babura a gefen daji sai Yari ya ƙara wuta, wata tsohuwa a baya ta ƙara ƙarfin salati. Insfekta ya gane dalilin da zai sa mace ta ɗinke zinare a gindin riga, bai ga wautarta ba.

Shagon Uba cike yake da diga da shebur da injinan tsotse ruwa, kayan masu haƙar zinare. Uba ya tarbe su da doguwar gaisuwa, ya tambayi gida da iyali da gajiya, har sai da aka ambaci Maman Khalifa. Nan ya ce ai tsohuwar mai hulɗa da shi ce, ta zo ta karɓi kayanta. Sajan Nazifa ta tambaye shi fara ce ko baƙa, ya ce tsaka-tsaki. Doguwa ko gajera, ya ce daidai misali. A wace unguwa take, ya ce tana yawan tashi.

Insfekta ya nuna masa katinsa. Ya gaya masa a hankali cewa abin da ke cikin ledar dukiyar marayu ce, kuma mai ajiyar kayan sata da ɓarawo ɗaki ɗaya ake sa su.

Uba ya duƙa. Ya jawo wata gwangwanin madara daga ƙarƙashin teburi, ya zazzago 'yan kunne guda biyu a tafin hannunsa, har da ɗan zaren auduga a maƙale.

Ya ce wani saurayi ne daga Mafara, bai san sunansa ba, masu haƙa suna ce masa Ɗan Fawa. Ya daɗe yana zarya yana son ya shiga wani rami da aka ce ya fashe da arziki, amma sai ya kawo injin ruwa. Shi ya zo ya karɓi ledar, ya bar 'yan kunnen a matsayin kafin alƙalami, ya ce mahaifiyarsa ce ta ba shi. Sauran zai kai wa maƙeri ranar Juma'a da safe a narka, ya kawo cikon kuɗin inji.

"Rufe shagon," in ji Insfekta. "Za ka raka mu."

Hanyar dawowa ta fi ta zuwa tsawo. 'Ya'yan mahauta a Talata Mafara ba su ƙirguwa, Insfekta ya sani. Amma zuciyarsa ta riga ta tafi gida ɗaya, kuma bai ji daɗin inda ta tafi ba.

Suka bar Uba a zaure, Yari a ƙofar gida, Sajan ta yi musu sallama suka shiga. Hajiya Turai tana zaune kan tabarma a tsakar gida. Insfekta ya miƙa mata 'yan kunnen. Ta kai su kusa da ido, ta janye su nesa, ta juya wajen haske, ba ta gane ba. Sai da ta shafa su da yatsa sannan ta ce na Hasana ne, ta fara hawaye.

"Hajiya, da hannunki kika yi ɗinkin nan?"

"Da hannuna."

"Wa ya zura miki zare a allura?"

Hajiya ta ci gaba da juya 'yan kunnen a hannunta.

"Ɗan kunne ne wannan, ba ki gan shi ba sai da kika shafa. Kafar allura fa?"

Hajiya ta ce ai zura zare ba sani ba ne. Ta kira Naziru ne ya zura mata, ya ɗan tsaya yana yi mata hira, shi ke nan. Buhun gwanjo kuwa, to, shi ya ɗauka daga ɗakinta ya kai ƙofar Mufida, tunda ita ba ta iya ɗaukar nauyi, tana alwala a lokacin. Tana faɗa muryarta tana raguwa, don ita ma tana jin abin da bakinta ke faɗa.

Ana haka aka ji tsayuwar babur a waje. Naziru ya shigo zaure da fito a bakinsa, ya yi ido biyu da Uba, fiton ya tsaya. Ya juya, ya tarar Yari ya tare ƙofa.

Ya yi ƙoƙari, ba laifi. Ya ce bai san Uba ba. Ya ce ya san shi amma sama-sama. Ya ce Mufida ce ta aike shi. Insfekta ya karɓi makullin babur ya ɗaga kujerar. Ga baƙar leda, ga abaya an farke mata gindi, ga sarƙoƙi da zobba a ƙulle cikin safa, ga wani layin waya a naɗe a takarda.

A caji ofis ya faɗi sauran. Ya ce da ya ɗauke abayar kai tsaye, shi za a fara tuhuma, tunda shi kaɗai ya ga ɗinkin. Sai ya cusa ta a buhu, ya sayi sabon layi, ya saye ta daga hannun Mufida don sawun ya bi ta kanta. Ya rantse aro ya yi, in rami ya ba da zai mayar ninki biyu. Wato zinaren da ke hannu zai narkar ya je neman wanda ke ƙarƙashin ƙasa.

"Ita fa da ka jawo da hijabi?"

"Na ɗauka kwana biyu za ta yi a sake ta."

Aka sa masa ankwa. Hajiya, wadda ta biyo su ko takalmi ba ta sa daidai ba, ta zube a gaban teburin. Ta ce ta janye ƙara, kaya sun dawo, abin gida ne a koma gida a kashe. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

"Jiya kin ce dukiyar marayu ce, a kai kotu," in ji Insfekta. "Yau ma ta marayun ce."

Sajan Nazifa ta fito da Mufida ta miƙa mata wayarta. Hajiya ta rarrafa ta kama gefen hijabinta. Insfekta ya ɗauka gafara za ta nema, har ya kau da kai don ya ba su wuri.

"Ɗiyata, ki roƙa mashi. Ki ce masu kuskure na anka yi wurin ware kaya. Ke za su ji. Ɗan'uwanki na."

Mufida ta dube ta. Ba ta yi kuka ba, ta gama shi tun jiya.

"Gwaggo, ni da anka kawo, wa ya roƙa mani?"

Ta zare hijabinta a hankali. Wani kofur ya wuce da Naziru ta gabansu zuwa ɗakin da ta fito. Mufida ta juya wajen Sajan Nazifa, ta tambaye ta ko za ta iya raka ta gidan ta kwaso kayanta, don tana so ta sami motar Jangebe, garin dangin mahaifiyarta, tun hanya ba ta mutu ba.