Ƙullin da Aka Bari Sai Gobe

A can wani zamani, an yi wata mata mai tsintar guntayen ulu, tana saƙa kwanduna da kwarashi. Wata rana ta gama kwando, ba ta ƙulle bakin zaren ba.

Maƙwabciyarta ta ce, "Yaya, ƙulle shi mana."

Ta ce, "Sai gobe."

Ran kasuwa ta cika kwandon da ƙwai, ta ɗauka a ka, suka tafi tare. Ƙaya ta kama bakin zaren. Tana tafiya, kwando na warwarewa. Tana tafiya, kwando na warwarewa. Sai ji ta yi ƙwai na fashewa a ƙafafunta!

Ta dafa kai. "Innalillahi! Ina kwandona?"

Maƙwabciyar ta nuna zaren da ya miƙe a hanya, ta ce, "Ga shi can, yana jiran gobe."