Da Saura, Koma Barci

Da yamma na kai wa yayana Emlyn shayi da burodi a bakin kogon da ke bayan garken tumakinmu. Shekara talatin yana tonon wurin, wai sai ya nuna wa duniya cewa sarkin nan na tatsuniyoyinmu na Wales mutum ne na gaske, kuma nan aka kwantar da shi. Da can dariya nake masa. Yanzu kuwa an gama gina dam, saura wata guda ruwa ya shanye kwarinmu, har da kabarin Mama. An ce shaidar tarihi kaɗai za ta hana.

"Nesta, riƙe min fitila," ya ce. "Na fasa bangon ciki."

"Kai Yaya, taurin kanka ya yi yawa! Shayin zai huce."

Na dai bi shi. Ciki sanyi ƙalau, ga warin tsatsa. Sai wani wari ya biyo baya, zufar doki. Rabon kwarinmu da doki tun ina yarinya.

Ɗis. Ɗis. Ruwa na ɗiga. Bayan ɗigar kuma numfashi, na mutane da yawa, a tare.

Kafaɗar Emlyn ta bugi wani abu a rataye. Ƙararrawa ce.

Numfashin ya tsaya cak.

"Lokaci ya yi?" Muryar kamar ana jan dutse a ƙasa.

Duk ɗan kwarinmu ya san amsar tun yana goye: ka ce da saura, koma barci, ka fita ba waiwaye. In ka ce ya yi, sarkin da mayaƙansa za su tashi da takubba, kuma ba wanda ya san kan wa za su faɗa. Na buɗe baki, Emlyn ya riga ni.

"Ranka ya daɗe... mene ne sunanka? A wace shekara ka rasu?"

Wayyo ni da wannan malamin tarihi!

"Matso in faɗa maka."

Ya matsa.

Fitila ta mutu.

Na cafki rigarsa, na kurma ihu, "Da saura! Koma barci!" Na ja shi a ƙasa har waje, gwiwoyina duk jini.

Shaida dai ba mu samu ba. Emlyn bai ƙara ce min komai ba, barci kawai yake a kujera. Sai rana ta faɗi zai buɗe ido, ya tambaye ni da muryar da ba tasa ba: "Lokaci ya yi?"

Kullum nakan ce da saura.

Jiya ruwa ya taɓa kabarin Mama. Ga rana can tana faɗuwa, kuma na rantse yau ban san abin da zan ce masa ba.